Kada Ka Ce Ni Ce

Wata biyar na farko da na yi a Jamus, ko ƙyallin injin da ya kai ni ƙasar ban gani ba. An ajiye ni a wani ƙaramin gari, wai sai na koyi yarensu tukuna. Ni da na baro 'yata Falmata tana shekara uku a hannun mahaifiyata a unguwar Limanti ta Maiduguri, maigidana kuma yana can Khaddamari yana koyarwa, sai ga ni zaune a aji ana koya mini yadda ake tambayar hanyar tashar jirgin ƙasa. Hutun karatu na shekara uku aka ba ni a wurin aikina a Maiduguri, kuma na yi wa Ya, wato mahaifiyata, alkawarin ko kwana ɗaya ba zan ƙara a kai ba. Sharaɗin samun digirin dokta a can kuwa ba ya lanƙwasuwa. Sai ka wallafa bincikenka a mujallar masana, kuma sunanka ya zama na farko a jerin marubutan. In ya zo na biyu, sai dai ka yi ado da shi.

Ɗakin da dillali ya turo mini hotonsa tun ina gida, mai taga da labule, na isa na tarar ɗakin ajiyar tarkace ne a ƙarƙashin bene. Tagar tana nan, bai yi ƙarya ba, amma takalman masu wucewa kawai ake gani ta cikinta. Warin danshi ya ishe ni, na ce ni 'yar Barno ba zan zauna ɗaki yana wari ba alhali ga kwalbar turaren wutan da Ya ta haɗa mini da hannunta. Na samo gawayi a shagon wani Balarabe, ina barbaɗa turaren sai wani abu da ke manne a silin ya kama ihu. Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika farfajiya, wata har da kyanwarta a rungume, matar gidan kuma tana nuna ni da yatsa tana zuba yaren da ban kai darasinsa ba. Daga ranar sai dai in buɗe kwalbar in shaƙa in mayar da murfi. Kewar gida ta fi damuna a irin wannan lokacin, don ƙamshin ɗakin Ya ne sak.

Zangona na biyu shi ne cibiyar binciken, a bayan wani gari da gonakin dankali suka kewaye. Injin yana ƙarƙashin ƙasa, cikin wani dogon rami na siminti. Hasken leza ke saukowa daga wani ɗaki da ke sama, madubai suna miƙa shi daga wannan zuwa wancan har ya haska wani ɗan farantin ƙarfe. Ƙwayoyin lantarki sai su ɓalle daga jikin farantin, a ingiza su cikin bututu da gudun da ya kusa na haske, manyan maganaɗisu suna saita su kada su kauce. Wannan kwararar ƙwayoyin ita muke kira bim. Nawa aikin shi ne in shimfiɗa zaren gilashi, siriri kamar silin gashi, a jikin bututun daga farko har ƙarshe. Duk inda ƙwayoyi suka kauce suka bugi bango, zaren yakan yi 'yar walƙiya shuɗiya, hasken ya biyo zaren ya iso na'urata, daga lokacin isowarsa in gane inda aka yi ɓarin. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba.

Abin da na kasa sabawa da shi shi ne taron ranar Litinin. Shugabanmu, Farfesa, dattijo ne sa'an mahaifina, amma ɗalibai sai su kira sunansa gatsal. Wani ya harɗe ƙafa yana gatsar tuffa ya ce masa, "Ba haka ba ne." Ranar farko na zaci korarsa za a yi. Sai na ga Farfesa ya miƙa masa alli ya koma ya zauna.

Ni kuwa gidan malamai na fito. Mahaifina Goni ne, wato babban malami, a bakin zaurensa na tashi ina leƙe. In ya yi tuntuɓe a wata mas'ala, babu ɗalibin da zai buɗe baki a gaban jama'a. Wanda ya lura zai je ya raɗa wa babban ɗalibi, ya ce kada a ce shi ne. Shi kuma babban ɗalibin ya jira sai an watse, ya durƙusa ya ce akwai wurin da bai fahimta ba. Malam zai gyara da kansa, mutuncinsa bai taɓu ba. Bayan kwana biyu sai ya tambaya, "Wane ne mai idon nan?" A faɗa masa, ya sa wa mutumin albarka a gaban kowa. Haka na ga ana yi, haka na ɗauka duniya take. Saboda haka a taron Litinin nakan zauna a ƙarshen tebur, idona a ƙasa, duk abin da Farfesa ya faɗa in gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ne ya sa wurin ya zaunu mini, wani tsohon makaniki mai kula da kayan aiki, Yozef. Ni Baba Yozef nake ce masa, kuma bai taɓa hana ni ba. Ya gan ni ina sallah a bayan matakala mutane suna ratsa ni, washegari ya miƙo mini makullin wani ɗan sito da ya share ya shimfiɗa kwali. Ba mai yawan magana ba ne, amma in tuffa ta nuna a lambunsa sai in tarar da guda biyu a kan teburina.

Injin yana da wata cuta da ta gagari kowa. Da rani, bim yakan kauce da rana, aiki ya tsaya. Farfesa ya daɗe da rubuta cewa wani maganaɗisu ne a tsakiyar bututun yake wasa, kuma tun daga nan kowa can yake tono. A ranina na biyu, da zarena ya fara aiki sosai, na ga ɓarin ba daga tsakiya yake farawa ba, daga can goshin injin ne, inda leza ke shigowa. Na kuma lura da wani abu da sallah ce ta nuna mini shi. In na tafi azahar na bar bim lafiya, ina dawowa zan tarar ya fara karkata, kafin la'asar ya lalace. Ranar da hadari ya rufe rana kuwa, lafiya lau zai wuni.

Duk wanda ya tashi a Maiduguri ya san abin da zafi ke yi wa ƙarfe. Ƙofar gidanmu ta Limanti, a watan zafi, in rana ta take sai an sa kafaɗa take rufuwa, da yamma kuma ta koma daidai. Na hau sama na duba, sai ga madubin ƙarshe a ɗaure a jikin wani dogon ƙarfe da ke manne da bangon da rana ke duka. Miƙewar da ido ba zai gani ba ta isa ta kautar da hasken daga tsakiyar farantin. Na karɓi ma'aunan zafi guda shida a wurin Baba Yozef na liƙa su a jikin ƙarfen. Wata huɗu ina awo kullum, rana ɗaya tak na tsallake, ranar Babbar Sallah da na tafi wani gari neman idi. Da na zana layin zafi da layin kaucewar bim a takarda ɗaya, tare suke hawa tare suke sauka. Na zauna a siton nan ina dariya ni kaɗai, don na san takardata ke nan, kuma hanyar gida ke nan.

Sai dai abin da na gano yana nufin Farfesa ya yi kuskure, kuskuren da ya rubuta duniya ta karanta. Ta yaya zan miƙe ranar Litinin in faɗa wa sa'an ubana haka? Sai na nemi babban ɗalibi. A wurinmu shi ne Dokta Tobiyas, na hannun daman Farfesa, mutum mai fara'a wanda kullum sai ya tambaye ni lafiyar Falmata. Na same shi a ofis na ajiye masa komai, da awon da zanen.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yagana, wannan babban abu ne. Ki kawo shi taro ranar Litinin."

Na ce, "Ba zai yi kyau daga bakina ba. Farfesa babba ne, kuma shi ya ce maganaɗisu ne. Kai ka san yadda za ka gaya masa a keɓe. Kuma don Allah kada ka ce ni ce."

"Kada in ce ke ce?"

"E."

"Kin tabbata?"

Na ce na tabbata, har da murmushina, ina jin na yi abin da 'yar gidan mutunci za ta yi.

Bayan mako biyu Farfesa ya shigo taro yana maganar zafi da madubi, yana ta murna kamar an yi masa haihuwa. Na sunkuyar da kai ina jiran tambayar nan ta wane ne mai idon. Aka shiga sanyi, Dokta Tobiyas ya duƙufa yana lissafi a kwamfuta, ni kuma ina jira. Sau biyu na tsaya a ƙofar ofishinsa zan tambaye shi ina aka kwana, in tuna yabon kai jahilci, in wuce. Wata bakwai na yi ina wannan jiran na wauta, ina rubuta kundina a kan abin da na ɗauka nawa ne.

Zango na uku wani birni ne a bakin teku, inda aka yi taron masana wannan fanni. Saura wata biyar hutuna ya ƙare. Na sa lafayata mai ruwan goro na zauna a tsakiyar zauren. Dokta Tobiyas ya hau mumbari, aka haska allo, sai ga zanena. An canza masa launi, an gyara rubutun, amma ga giɓin nan a tsakiyar layi, ranar Babbar Sallah. Sunansa a sama, na Farfesa a gefensa. A allon ƙarshe aka rubuta ana godiya ga Yozef da Yagana saboda shimfiɗa zare da liƙa ma'aunai. Zaure ya ɗauki tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na tare shi a wurin shan shayi. Na ce, "Dokta, aikina ne ka nuna."

Bai ko daburce ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ke kika ce kada in ambace ki. Sau biyu na tambaye ki. Na ɗauka ba kya son shiga rigimar ne, ko ba ki yarda da awon ba. Ni na yi lissafin da ya tabbatar da shi, ni na rubuta, kuma takardar ta riga ta tafi mujalla."

"A wurinmu in an ce haka, ba ana nufin har abada ba ne!"

"To ni ina zan sani?"

Har yau ban yarda bai sani ba. Mutumin da ke da basirar lissafin ƙwayar da ido ba ya gani, ba zai kasa gane cewa babu mai yin awon wata huɗu don ya kyautar ba. Kallon kitse na yi wa rogo. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai yi ƙarya ko ɗaya ba, ni na ɗauki wuƙar na miƙa masa.

Na koma masauki na kira Ya. Ta gaishe ni da Barbarci, "Wushe, Yagana, kalewa?" Na ce ba kalewa ba, wato ba lafiya ba, na kwashe komai na gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ai kin yi daidai, ba ki kunyata babba ba. Ki yi haƙuri, Allah yana gani." Ban taɓa jin haushin kalmar haƙuri irin na ranar ba. Na ce a ba ni Falmata. Aka kawo ta, ta leƙo fuskar wayar, ta ce sannu, ta zame ta koma wurin wasanta.

Da muka dawo cibiya na yi mako biyu ba na iya cin abincin kirki. Baba Yozef ya same ni a sito ina zaune a kan kwali ba sallah nake ba. Na gaya masa. Ya ce shi ma ya yi mamaki da ya ji labarin takardar, don ya san wanda ya karɓi ma'aunai a hannunsa. Sai na ce, "Baba, kai Farfesa yana jin maganarka. Ko za ka je ka yi masa bayani a madadina?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Har yanzu? Wani aiken za ki sake yi?" Ya miƙe ya ce in biyo shi. Muka hau bene har ƙofar ofishin Farfesa, ya ƙwanƙwasa da ƙarfi, da aka ce a shigo sai ya juya ya sauka abinsa ya bar ni tsaye.

Na shiga na zauna a bakin kujera, na yi bayani idona a kan takalmana. Na ajiye littafin awona na asali, da rubutun hannuna. Farfesa ya buɗe shafi bayan shafi yana dubawa. Can ya jawo wata takarda daga durowa ya ce, "Kin san abin da nake rubutawa a rahotonki shekara biyu? Mai ƙwazo ce, amma ba ta da tunanin kanta. Ba ki taɓa yi mini musu ba, ba ki taɓa duban idona ba. Na ɗauka ba kya fahimta ne kike ɓoyewa. Me ya hana ki zuwa wurina?"

Na ce, "Girmanka na duba."

Ya ce, "Girmana? Kin bar ni ina yawo da kuskure, kin ce girmamawa ce."

A nan wani abu ya tsinke mini. Na ɗago kai, karo na farko, na ce, "Kai ma ai ba ka tambaya ba, Farfesa. An kawo maka awon wata huɗu, na kullum da tsakar rana. Ka taɓa ganin Dokta Tobiyas a kan tsani da ma'aunin zafi? Ka san wanda ke wuni a ramin nan. Ka ji daɗin amsar, ba ka damu da inda ta fito ba. Mahaifina da ba shi da leza ba shi da kwamfuta, in aka gyara masa karatu sai ya nemi wanda ya gyara."

Na jira a ce in tattara kayana. Sai ya ce, "Wannan gaskiya ne. Laifina ne." Ban ji sanyi ba ko kaɗan, don amsa laifinsa ba zai mayar da sunana sama ba.

Aka kira Dokta Tobiyas, aka yi zama uku. Wannan karon na yi magana har muryata ta dishe. Shi ya kafe a kan cewa lissafi da rubutu nasa ne, kuma da wannan takardar yake neman kujerar koyarwa a wata jami'a. A ƙarshe aka rubuta wa mujalla a cire ni daga godiya a sa ni cikin marubuta. Aka sa ni ta biyu.

Farfesa ya ce akwai mafita. Gano cuta takarda ɗaya ce, maganinta wata takardar ce. In na ƙera na'urar da za ta riƙa lura da hasken tana gyara zaman madubin da kanta, wannan tawa ce ni kaɗai, babu mai taɓa ta. Ƙera ta zai ci watanni, kuma ba a gwada ta sai da zafi. Kafin in gama, ranin bana ya wuce, sai na baɗi. Na lissafa da yatsuna a gabansa, shekara guda cif. Ni da na fito daga garin da zafi ke korar mutane ƙarƙashin darbejiya tun hantsi, ni ce zan zauna a ƙasar sanyi ina roƙon Allah Ya kawo rana.

Wurin aikina sun ƙara mini hutun bayan rubuce-rubuce da yawa. Maigidana ya ce mini a waya tunda an fara sai a ƙarasa. Mahaifiyata Ya ce kawai ta tambaye ni, "Ba ke kika ce ko kwana ɗaya ba?" Shekarar nan ta huɗu ba ni da abin faɗa a kanta. Na ƙera na'urar, rani ya zo, bim ya tsaya a kan hanyarsa bai kauce ba daga safe har yamma. A taron Litinin na zama mai musu har ana tsokanata. Takarda ta fito da sunana a farko, Baba Yozef ya buga shafin ya liƙa a ƙofar sito. Na duba na ga harufa ne kawai, guda shida.

Na sauka Maiduguri ana tsakiyar zafi. Gidanmu na Limanti ya cika da 'yan uwa, ana ta lale lale da Dokta, an yi burabusko da miyar kuka da bandar kifi, turaren wuta ya turnuƙe tsakar gida babu abin da ya yi ihu. Ina ta waige ina neman mutum ɗaya. Sai Ya ta kamo hannun wata doguwar yarinya mai giɓin haƙora biyu a gaba, ta turo ta. Falmata ce, shekararta bakwai. Ta tsaya nesa da ni, ta durƙusa, ta ce, "Sannu da zuwa, Dokta." Mata suka hau yabo, wai ga kunya ga ladabi.

Na jawo ta na rungume, ta tsaya ƙiƙam a jikina har na sake ta. Da baƙi suka ragu na buɗe akwati na fito mata da tsarabarta, riguna da takalma da 'yar tsana. Rigunan duk sun yi mata kaɗan, don da idon shekarar bara na saya. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta ninke su da kyau ta ajiye a gefen tabarma. Ta ɗan zauna tana kallon akwatin da yake buɗe, da sauran kayana a ciki. Sannan ta matso kusa, cikin ladabi, ta tambaye ni, "Yaushe za ki koma gidanku?"